Tun Ran Gini, Ran Zane: Yamai da Maginan da Ta Manta

Ranar 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram ya zube. Ginin ƙasa ne da aka ɗaga tun tsakiyar ƙarni na 19. Ya ga sarakunan Damagaram a lokacin ƙarfinsu, ya ga zuwan Nasara da tafiyarsu, ya ga juyin mulki har sau biyar, sannan ya durƙusa cikin yini guda. A wannan damina dai, bisa ƙidayar hukuma, mutum fiye da 300 suka rasa rayukansu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya suka rasa muhalli ko dukiya, kuma a watan Agusta ruwa ya datse manyan hanyoyin shiga Yamai har babban birnin ƙasa ya koma kamar tsibiri. Da ruwa ya janye, sai hukunci ya fito daga bakin manya da ƙanana iri ɗaya: laka ce ta ci amanarmu, duk mai hali ya koma siminti.

Wannan hukunci ne nake so mu sake zama a kansa, domin an yanke shi ba tare da an saurari wanda ake tuhuma ba, kuma akwai masu laifin da suka fi laka girma waɗanda ko sunansu ba a kira ba.

Kafin ruwa ya yi magana, wuta ta riga ta yi. Ranar 13 ga watan Afrilu na 2021, a unguwar Pays-Bas ta Yamai, gobara ta kama azuzuwan zana na wata makaranta, yara kimanin 20 suka ƙone, yawancinsu ƙanana ne da ba su san inda za su gudu ba. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sake yin irinta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. Hukumomin lokacin da bakinsu suka ce azuzuwan zana a ƙasar nan sun kai kimanin 36,000, kuma hujjarsu ɗaya ce: ajin siminti tsada gare shi, baitulmali ba shi da hali. To, jama'a, ƙasar da ta tsayar da hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da ƙasa da itace, tun farkon ƙarni na 16, ta kuma sake gina ta a 1844, yaya aka yi ta wayi gari ba ta san komai ba tsakanin zana da siminti? Amsar tana kwance cikin tarihin ginin Yamai kanta.

Yamai ba tsohon birni ba ne kamar Agadas ko Damagaram ko Katsina. Lokacin da sojan Faransa suka kafa bariki a nan a farkon ƙarni na 20, ƴan ƙauyuka ne a gaɓar kogin Isa, irin su Mawre da Kalle da Gaweye, da maƙwabtansu Gudel da Gamkalle da Saga. A shekarar 1926 gwamna Jules Brévié ya ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram ya kawo shi nan. An ce Damagaram ba ta da ruwa, kuma gaskiya ne. Amma Bafaranshe bai manta ba cewa Damagaram tana kallon Kano, Kano kuwa tana hannun Ingilishi. Ga tarihin gini, ma'anar wannan ƙaura ita ce an baro garin da ke da magina na gado, da fada da ganuwa tun zamanin Sarki Tanimun, aka zo fili inda Bature zai ja layinsa yadda ya ga dama.

Layin farko da ya ja shi ne kwarin Gunti Yena. A gefe guda aka shimfiɗa Filato, da gidan gwamna da ofisoshi da faffaɗan tituna masu inuwa. A ɗaya gefen aka tura baƙar fata. Hannuwan da suka fasa dutse, suka kwaɓa ƙasa, suka ɗauki kaya a ka, hannuwan talakawa ne da aka kwaso daga ƙauyuka a aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946 da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa daga cikin barikoki da gidajen kwamandoji na farko a ƙasar nan da laka aka yi su, kuma Nasaran sun kwana a ciki sun ji sanyinsu. Sun san amfaninta sarai. Amma da suka zo rubuta doka, sai suka raba kayan gini gida biyu. Siminti da ƙarfe da kwano suka kira su da Faransanci "matériaux définitifs", wato kayan dindindin. Duk sauran, na wucin gadi ne. Wanda ke son filinsa ya zama nasa da cikakkiyar takardar mallaka, sai ya raya shi da kayan dindindin. Waɗannan kaya kuwa ta jirgin ruwa suke sauka a Kwatano, su hau jirgin ƙasa zuwa Paraku, su hau mota zuwa Gaya da Doso kafin su iso mana. Ashe dindindin shi ne abin da kantunan Faransa ke sayarwa. Da ɗigon tawada ɗaya, magini ya tashi daga matsayin masani ya koma mai aikin wucin gadi.

A 1960 mun karɓi tuta, mun karɓi wannan kalma tare da ita. A watan Oktoba na 2024 an cire sunan de Gaulle daga wani babban titin Yamai aka sa na Djibo Bakary, kuma ba ni da ja a kan haka. Sai dai cire allon titi aikin safiya ɗaya ne. Kalmar da ta raba gininmu gida biyu tana nan a bakin ma'aikata, tana nan cikin lissafin azuzuwan makarantu, tana nan cikin kan saurayin da ya ci bashi ya yi ɗakin bulo da kwano, yana gasuwa a ciki daga watan Maris zuwa Yuni, don kada dangin amarya su ce ya kai ƴarsu gidan laka.

Ya kamata mai karatu, musamman matashin da aka haifa a Yamai, ya san mene ne aka jefar. Ginin Hausa ba tara ƙasa ba ne kawai a ɗora ta kan ƙasa. Magini na gado ya san wace ƙasa ke riƙe bango da wadda ke zubewa. Ya san yawan ciyawar da zai haɗa, da kwanakin da kwaɓi zai yi yana ruɓa kafin a taɓa shi. Tubalinsa da hannu ake mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana, a jera shi tsaye cikin laka. Bango yakan fara da kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa, domin nauyi ya zauna inda ya kamata. Azara daga giginya ake fasa ta, saboda gara ba ta son ta. Azara ɗaya ba ta iya tsallake fiye da taku biyu ko uku ba tare da ta lanƙwashe ba, kuma a nan ne gwanintar take: domin a rufe babban soro, sai magini ya riƙa fito da azara daga cikin bango hawa-hawa, kowace tana ɗaure da ta ƙarƙashinta, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a sama su zama bakan gizo, a lulluɓe su da laka. In bakuna suka gitta juna, sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Wannan lissafin nauyi ne da daidaito, irin wanda ake koya wa injiniyoyi da alli a kan allo, sai dai shi a ka yake da hannu. Maganin ruwa ma suna da shi: makuba daga kwasfar ɗorawa, katsi daga gindin karofi, da indararo mai jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Zankwaye da zanen ƙofar gida, waɗanda baƙi ke ɗaukar hotonsu, su ne ƙarshen aiki. Ainihin ilimin yana ɓoye cikin bango.

Wanda ke tsammanin wannan labarin mutanen da ne, ya je Yama, cikin jahar Tawa. A 1962 dattawan garin suka ɗora wa Falke Barmu, manomi kuma magini, aikin gina masallacin Juma'a. Gari duka ya fito: mai kawo ruwa, mai buga tubali, mai kawo itace, mai ba da hatsi. A 1975 ya sake rufin, ya ɗora shi a kan bakuna da tulluwa a tsakiya, daga baya ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da fasalinta, aiki ya kammala a 1982. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na duniya a fannin gini. Mutumin da bai zauna a ajin Bature ba ya kawo wa Nijar abin da dogayen benayen Filato duka ba su kawo mata ba. Ina tambaya: makarantar koyon sana'a nawa ke ɗauke da sunansa? Ɗalibi nawa aka tura ya zauna gabansa da takarda da alƙalami ya rubuta abin da ke kansa?

A daidai shekarun da Falke ke ɗaure bakunansa, Yamai tana kan wata hanya dabam. Ba zan raina abin da aka yi ba. Gadar Kennedy, wadda aka gama a 1970 da kuɗin Amurka, mai tsawon mita 700 da ƴan kai, ta canza rayuwar birnin nan. Kafin ta, jirgin fito da kwalekwale ne ke haɗa gaɓa da gaɓa. Bayan ta, Harobanda ta zama gari, jami'a ta zauna a can, hanyar Say da ta Burkina ta buɗe. Kuma tarihi ya ba gadar wani aiki da masu zanenta ba su yi lissafinsa ba. Da yake ita kaɗai ce mashigar ɗalibai zuwa cikin gari, a kanta aka tare su ranar 9 ga watan Fabrairu na 1990, aka buɗe wuta, uku suka faɗi bisa ƙidayar hukuma. Daga wannan jini aka kama hanyar Taron Ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991. Duk wanda ya ce gini ba siyasa ba ne, ya tuna cewa gari mai gada ɗaya, soja goma sun isa su rufe shi. Shekara 41 Yamai ta yi da gada guda, sai a 2011 ta sami ta biyu, a 2021 ta uku.

Amma a duba jerin da kyau. Gada ta farko, Amurka. Babban masallaci, a shekarun 1970, kuɗin Libiya. Filin wasa na Seyni Kountché, 1989, ƙasar Sin. Gada ta biyu da ta uku, ƙasar Sin. Babbar Kasuwa da ta ƙone a 1982, aka sake buɗe ta a 1987, zanen masana na Faransa. Da taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019 ya matso, kamfanin Turkiyya ya sabunta filin jirgin sama ya gina otal, Indiya ta ba da zauren taro mai sunan Mahatma Gandhi. Ko a zamanin da kuɗin yuraniyom ya cika aljihun gwamnati, bayan an fara haƙa a Arlit a 1971, lokacin da otal ɗin Gaweye da zauren taro na Palais des Congrès da benayen ofisoshi suka tashi, kuɗin namu ne, amma zane da manyan injuna da shugabancin aiki yawanci na waje ne. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gini ya tsaya cik, bankin BDRN ya durƙushe a 1990, aka bar mu da benaye masu na'urar hawa da ba ta hawa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Baƙo yakan gina ya miƙa mabuɗi ya tafi da iliminsa. Mu kuma mu yanke ƙyalle, mu buga ganga, mu sa wa ginin sunan shugaba. Ranar da rufi ya fara yoyo, babu wanda ya san inda zanen yake.

Na layin dogo ba sai na tsawaita ba. A 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai da bushe-bushe, a 2016 kamfanin Bolloré ya gama shimfiɗa kilomita kimanin 140 zuwa Doso, layin bai haɗu da na Benin ba, kuma bai taɓa zama hanyar fatauci ba. Madatsar ruwa ta Kandaji, wadda ake maganarta tun shekarun 1970, an aza harsashinta a 2008, aka soke kwangilar kamfanin Rasha a 2013, aka sake tayar da aiki da kamfanin Sin a 2019, damina ta 2024 ta zo ta wuce ba ta tare ko ɗigo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin da ba ya ɗaukar ido, wanda babu shugaban da ke son sa masa sunansa, wato magudanar ruwa. A 1960 mutanen Yamai ba su wuce kimanin 30,000 ba. A ƙidayar 1988 sun kusa 400,000, a ta 2012 sun haura miliyan ɗaya. Duk wannan jama'a an ba ta fili, ko ta ba kanta, amma ba a ba ruwa hanyarsa ba. An yanka filaye a cikin kwari, an yanka a bakin fadama, an yanka a gaɓar da kowane tsohon masunci ya san kogi na dawowa. Akwai lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye, yankan fili ya zama kamar buga kuɗi. Dajin da aka fara dasawa a 1965 domin ya kewaye birnin ya kare shi, an yi ta gutsurarsa har ya zama abin tausayi. Masana ruwa sun daɗe suna bayani cewa jan ruwan da ke cika kogi a watannin Agusta da Satumba daga rafukan yamma yake gangarowa, irin su Sirba da Dargol, kuma yana ƙaruwa ne saboda ƙasa ta yi sanƙo, ba ta shan ruwa kamar da. Waɗannan rafuka biyu a ƙasan Kandaji suke shiga kogi, saboda haka ko an gama madatsar, ba ita za ta tare su ba. A watan Satumba na 2020 ma'aunin kogi a Yamai ya kai kimanin mita 7, shingen Lamorde ya fashe, unguwannin Harobanda suka nutse. Ruwan da ya kwana uku a tsakar gida bai tambayi bango ko na laka ne ko na bulo ba. Na laka ya narke, na bulo mai ƙarancin siminti ya tsage, masai ya cika ya haɗu da rijiya. Wanda ya sa hannu a takardar yanka filin yana Filato, ƙafarsa a bushe.

Yanzu bari in ba masu suka haƙƙinsu, don hujjarsu ba ta banza ba ce. Gidajen da suka fi zubewa a kowace damina na laka ne, wannan ba abin musu ba ne. Laka tana son yaɓe kusan kowace shekara, kuma gayyar da ke yin wannan aiki a ƙauye babu ita a birni, inda kowa ke haya, mai gida kuma ba ya zuwa sai ƙarshen wata. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, kuma ba mai hankalin da zai ce a ƙarasa sare abin da ya rage a dajin Gaya don rufin ɗaki. Ba a Damagaram kaɗai tsohon gini ya faɗi ba: a watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Duk wanda ke kiran a koma ga laka ba tare da ya kalli waɗannan gawarwaki ba, mawaƙi ne, kuma ba mawaƙa muke nema ba.

Sai dai a lura da irin lakar da ke zubewa a Yamai. Ba ginin sarkin magina ba ne. Bango ne siriri na tubalin kwali, wanda aka dasa a kan rairayi ba harsashi, aka rufa da kwanon da ke zubar da ruwa daidai gindinsa, a filin da ba shi da magudana, wanda ɗan ƙwadago ya yi a gurguje saboda mai shi na jiran ranar da zai rushe ya sa bulo. Tunda doka ta ce wucin gadi ne, kowa ya gina shi a matsayin wucin gadi. Babu injiniyan da ya auna ƙasar, babu ma'aikacin da ya duba kaurin bangon, babu bankin da ya ba da rance a kansa. An hana laka ilimin da, an hana ta na zamani, sannan aka kama ta da laifin jahilci. Tsofaffin masallatai kuma, abin da ke kayar da su sananne ne: rufin da aka bari ruwa na kwana a kai, indararon da ya toshe, titin da aka ɗaga har ya fi gindin bango tudu, da yaɓen siminti da ake mannawa a kan laka, wanda ke kulle damshi a ciki yana cin bango a ɓoye. Gyara ne ba a yi ba, kuma gyara kuɗi ne ƙalilan in an kwatanta da gada.

Maganin waɗannan matsaloli ba sai an je Turai neman sa ba, a ƙasar nan aka gwada shi. A 1980, a Cikal ta wajen Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koyar da gini ba katako, wato rufin tulluwa da na baka da tubalin ƙasa zalla, dabarar da ta samo asali daga Nubiya ta ƙasar Masar. Ba azara, ba kwano, ba abin da wuta za ta ci. Daga baya aikin ya kai Iferwan da wasu garuruwa, ya ƙetara Mali da Burkina, aka horar da ɗaruruwan magina. Akwai kuma tubalin matsi, wanda ake haɗa jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan a matse a inji, ya fito da ƙarfi da kaifin kusurwa. Da shi Mariam Issoufou, ƴar ƙasar nan, da abokan aikinta suka gina gidaje shida masu bene a unguwar Niamey 2000 a shekarar 2016, aikin da ya shiga jerin waɗanda aka tantance don kyautar Aga Khan ta 2022. A Dandaji, cikin jahar Tawa, ita da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin gari ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabon masallaci a gefensa, aka gama a 2018. Abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne an kira maginan da suka gina tsohon masallacin suka shiga cikin ma'aikata, injiniya da magini suka tsaya kan bango ɗaya. A maƙwabciyarmu Burkina, Francis Kéré ya fara da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001, bangon ƙasa da rufin kwano da aka ɗage sama don iska ta ratsa. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda babu ta sama da ita a wannan fanni. Da ajin makarantar ƙauye ya fara, irin ajin da muke cewa ba mu da halin ginawa.

Ga kuma maganar zafi, wadda a Yamai ba ƙaramar magana ba ce. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni yakan haura 40, wani lokaci ya doshi 45. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai dare ya yi. Bulo da kwano kuwa tanda ne, sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, su kuma sai da lantarki. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke layin da ke kawo mana mafi yawan wutar da muke sha, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni kafin a maido. Ofisoshin gilashi suka zama wurin azaba. Duk mai maganar ƴancin kai, in da gaske yake, ya fara lissafa yawan ɗakunan da ba a iya zama cikinsu sai da wutar maƙwabci. Haka siminti: muna da masana'antar Malbaza tun shekarun 1960, an kuma faɗaɗa ta, amma ƙarfe da kwano da gilashi daga waje suke zuwa, kuma waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 sun tuna yadda gine-gine suka tsaya a iya taga.

To me ya hana? Wani ɓangare raini ne, na riga na faɗa. Wani ɓangaren kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, lissafi ne. Kwangilar siminti da ƙarfe tana bi ta hannun mai shigo da kaya, da mai mota, da babban ɗan kwangila, kuma a kowace tasha akwai inda hannu ke iya shiga. Ajin ƙasa kuwa yawancin kuɗinsa a gari yake tsayawa, wajen mai buga tubali da mai amalanke da mai ɗebo ruwa da magini. Kuɗin da ya watsu a hannun mutum hamsin wuyar tatsa gare shi. Ban ce kowane ma'aikaci haka yake ba, akwai injiniyoyi masu amana da suka tsufa suna rubuta rahoton da ba a karantawa. Amma tsarin da ya fi son aji ɗaya mai tsada a kan uku masu sauƙi, alhali yara na zaune cikin zana, dole a tambaye shi wa yake yi wa aiki.

Ba cewa nake a gina gada da laka ba, ko asibiti mai hawa biyar. Siminti da ƙarfe suna da wurinsu, kuma wurinsu na farko shi ne harsashi, da magudana, da shingen kogi, inda muka fi ƙarancinsu. Abin da nake nema daga masu mulki, ko su wane ne a kujera, shi ne a rubuta ƙa'idar ginin ƙasa a hukumance: zurfin harsashin dutse ko siminti, tudun da bango zai fara a kai sama da inda ruwa ke kaiwa, kaurinsa, irin rufinsa da nisan da zai jefa ruwa. Ginin da ya cika wannan ƙa'ida a kira shi na dindindin, a ba shi takarda, banki ya karɓe shi jingina. Makarantar EMIG da ke nan Yamai da makarantun koyon sana'a su ɗauki magina na gado a matsayin malamai masu albashi, ba abin nuni ranar biki ba. Ɗaliban da muke turawa makarantar zanen gini ta Lome su dawo su yi shekara guda a hannunsu. Kowace kwangila da baƙo, a rubuta cikinta cewa zane da lissafi za su zauna a nan, da injiniyoyinmu a kan aikin tun daga ranar farko. Wanda kuma ya yanka fili a hanyar ruwa, a buga sunansa a jarida ranar da ruwan ya zo.

Bayan gobarar Maraɗi, majalisar ministoci ta hana azuzuwan zana ga ƙananan yara. Hani ba ya gina aji. Ranka ya daɗe ministan ilimi, a ware gunduma ɗaya a kowace jaha, a gina azuzuwa goma na ƙasa bisa harsashin dutse kusa da goma na bulo, a rubuta kuɗin kowane a allo a ƙofar makaranta inda iyaye za su gani, a sa ma'aunin zafi a ciki a watan Afrilu, a dawo bayan damina uku a duba bango. Maginan da suka yi aikin Dandaji da waɗanda aka horar a gini ba katako ba a wata duniya suke ba. Daga Yamai zuwa jahar Tawa ta hanyar Doso da Ƙwanni bai kai tafiyar yini guda a mota ba, Filinge kuwa ta fi kusa.